Ba a doguwar gasa ake ɗirkar ruwa ba ƙaƙƙautawa

An daɗe ana gaya wa 'yan wasa cewa su yi ta shan ruwa tun kafin ƙishirwa ta zo. A gasar Ironman, inda ake ninkayar kilomita 3.8, a tuƙa keke kilomita 180, sannan a ɗora da gudun kilomita 42.2, wannan shawara tana iya kai mutum asibiti.

Gumi yana fita da gishiri. Idan ruwan da ka sha ya wuce abin da jiki ke fitarwa, sinadarin gishiri na jini, wato sodiyam, sai ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta fara kumburi. Ciwon kai, amai, ruɗewa. Abin da ya fi damuna shi ne alamomin suna kama da na rashin ruwa, sai a ƙara wa mutum ruwa.

Wanda ba ƙwararre ba ya fi shiga haɗari, domin yakan yi sa'a 14 ko fiye a hanya, yana sha a kowace rumfar ba da ruwa. A gasar gudun dogon zango ta birnin Boston na Amurka ta 2002, an samu matsalar a kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka gwada. Ka sha idan ka ji ƙishirwa. Idan nauyinka ya ƙaru bayan gasa, alama ce ruwan da ka sha ya yi yawa.