Hutun Iyali a Sansanin Bakin Tafki

Hutun sansanin bakin tafki wani salon shaƙatawa ne inda iyali ke barin gida su yada zango na kwana biyu, ko mako guda ko fiye, a filin da aka tanada a gaɓar tafki ko madatsar ruwa. Wasu kan kafa tanti, wasu su kama ɗan ɗakin katako na haya, wasu kuma su zo da motar kwana, wadda Amurkawa ke kira RV, mota mai gado da kicin da banɗaki a cikinta. Al'adar ta fi ƙarfi a Amurka da Kanada da yammacin Turai da Ostareliya. A Kaduna akwai ruwan, akwai kuma son fita da iyali, amma kwana a bakin ruwa don hutu kawai bai samu gindin zama ba.

Asali

Kwana a waje ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa: fatake sun yi, makiyaya da masunta suna kan yi. Mayar da shi abin nishaɗi ne ya faro daga Birtaniya a ƙarshen ƙarni na 19. A 1885 wani likita, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa keken doki mai ɗaki don yawon hutu. A 1901 wani tela a Landan, Thomas Hiram Holding, ya kafa ƙungiyar masu yawo da keke da tanti, sannan a 1907 masu irin wancan keken ɗaki suka kafa tasu.

Mota ce ta baza abin a Amurka. Da Ford ya fito da Model T a 1908, matsakaitan ma'aikata suka samu halin ɗaukar iyali su nausa daji. An kafa hukumar kula da gandayen daji na ƙasa a 1916, kuma a 1919 masu yawo da mota suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a Tampa ta jihar Fulorida. Kamfanin KOA, wanda ya shahara da sansanonin haya, ya fara ne a 1962 a Billings ta jihar Montana, don tarar matafiya masu zuwa baje kolin duniya na Seattle. Yawancin motocin kwanan Amurka a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake haɗa su.

Da yawa daga cikin tafkunan da ake wannan hutu a Amurka madatsu ne da sashen injiniyoyin sojan ƙasar ya gina don tare ambaliya da samar da lantarki. Daga baya aka yanka filaye a gaɓarsu aka buɗe wa jama'a.

Yadda sansani yake

Ana raba filin gida-gida, kowane da lambarsa, da teburin cin abinci da murhu mai da'irar ƙarfe don kada wuta ta ɓalle. Gurbin motar kwana yana da ɗan turke mai soket na amfiya 30 ko 50, da famfo, wani lokaci har da bututun zubar da ƙazanta. Motar kanta tana da tanki uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na banɗaki. Inda babu bututu a gurbi, direba kan biya wurin juyewa kafin ya fita, ya fara sakin na banɗaki, sannan ya bi da ruwan wanka don ya ɗauraye tiyon. Zubar da ko ɗaya a tafki laifi ne.

Akwai banɗakuna da wurin wanka na kowa da kowa, da gangaren sauke kwalekwale, da gefen da aka kewaye da igiya don yara su yi iyo. Galibi daga ƙarfe 10 na dare ake kashe janareta da kiɗa. Guraben da ke kallon ruwa su ake rububi, har akan kama su watanni kafin lokacin zafi, wanda a can yake kamawa daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, daidai da dogon hutun makaranta.

Halin da ake ciki a Kaduna

Jihar ba ta rasa ruwa ba. Akwai madatsar Kangimi a ƙaramar hukumar Igabi, wadda aka gina don tallafa wa ruwan shan birnin Kaduna, kuma a kusa da ita ne filin wasan folo na Fifth Chukker yake. Akwai madatsar Gurara a kudancin jihar, mai tura ruwa Abuja, da madatsun da ke kewayen Zariya. A maƙwabta akwai Shiroro a kan kogin Kaduna cikin jihar Neja, wadda ta fara aiki a 1990, da tafkin Kainji da ya samu bayan kammala madatsarsa a 1968, da Tiga da Bagauda a jihar Kano.

Sai dai fitar da mutanen Kaduna suka saba ta yini ce. Ranar yawon Sallah iyali kan nufi wurin shaƙatawa na Gamji a bakin kogi da tabarma da kular shinkafa da gorar zoɓo, yara su yi lilo, a ɗauki hoto a gadar Lugard, kafin magariba kowa ya kama hanyar gida. Motar kwana kuwa da wuya a gan ta a titi. Tsadarta, da kuɗin mai, da ramukan hanya sun isa hana ta.

Babban cikas shi ne tsaro. Garkuwa da mutane a hanyar Birnin Gwari da ta Abuja, da harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, sun sa magidanci ba ya ko tunanin kwana da mata da yara a daji. Gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda ya zama na ƙasa a 1999, yana cikin yankin da matsalar ta fi taɓawa. Abin takaici ne, domin lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya dace ƙwarai da irin wannan hutu: ba ruwan sama, sauro ya ragu, ga hutun makaranta na Disamba.

Ko tsaro ya samu, kwaikwayon tsarin Amurka kai tsaye ba zai karɓu ba. Iyalin Bahaushe na iya kai mutum goma sha, da kaka da jikoki, don haka gurbin da aka auna wa mutum huɗu ya yi kaɗan. Ana buƙatar shinge tsakanin gurbi da gurbi saboda sutura, da banɗakin mata daban, da wurin alwala da salla, da rumfa mai inuwa, da murhun da zai ɗauki babbar tukunya. Tanti ko ɗakin haya a cikin shinge mai masu gadi shi ya fi kusa da aljihun jama'a. Haka kuma dole a yi da masunta da manoman rani da makiyayan da ke cin abinci a gaɓar tun kafin zuwan baƙi, su ne ma za su sayar wa masu hutu kifi da nono da kayan miya.

Haɗurra

Nutsewa ce kan gaba. Gaɓar madatsa kan zurma farat ɗaya, ƙasanta laka ne, kuma yaro yakan nutse ba tare da ihu ba. Kada yaro ya kusanci ruwa sai da babba, kada kuma kowa ya hau kwalekwale ba rigar ceto. A ruwan Kainji ana ta samun kifewar jirage saboda lodi fiye da ƙima da kututturan itatuwa da ruwa ya rufe.

Ruwan kwance a Arewa yana ɗauke da tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi ta ratsa fatar mai wanka, bayan makonni a ga jini a fitsari. Maganinta praziquantel, amma kauce wa wankan ya fi. Ruwan sha a zo da shi ko a tafasa, gidan sauro kuma wajibi ne ko da hunturu. Da sanyin asuba mutane kan so shigar da kaskon gawayi cikin tanti ko su matso da janareta kusa da taga. Hayaƙinsu yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, tana kashe mai barci, don haka a waje ake barin su, nesa da inda ake kwana.