Wai aro sata ne? Ku karanta nan kafin ku sake turo min wagga tambaya

Shekaru ke nan ina duba wa yara rubutu nan Gusau, masu labari da masu waƙa, kuma tambaya guda ce ke ta dawo min tana sauya riga, wata ma ƙarfe ɗayan dare za ta kira ni kamar an yi gobara. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya. Ga su nan na tara, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Anti, ina son in rubuta labarin da ba a taɓa yin irinsa ba, ta ina zan fara?

Babu shi. Kishiya, rikicin gado, auren dole, maraya a hannun matar uba, talaka ya so ɗiyar mai kuɗi, duk an ba da su tun ba a haifi kakarki ba. Ɗauki biro ki fara.

Ƙawata ta ce salona ya yi kama da na wata marubuciya, in daina karanta littattafanta?

A'a, ki ƙara da na mutum goma. Mai karanta mutum ɗaya tal shi ke zama inuwarsa. Kuma kama da wane ba ta wane.

Amma ai manyanmu na da ba su yi aro ba, daga kansu sunka fiddo komai, ko?

Wa ya faɗa miki? Wanga shi ne abin da ke ɓata min rai, kuna son rubutu amma ba ku son sanin waɗanda sunka riga ku. Magana Jari Ce da anka fara bugawa a 1937, wanda duk munka karanta a makaranta, Abubakar Imam ya ɗebo labarai da yawa daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus, shi kansa akun da ke ba da labari yana da asali a littattafan Indiya da Farisa. Amma ki karanta ki gani ko za ki ji warin baƙunta, ya sa musu rawani da babbar riga, ya zaunar da su a fada, bakinsu Hausa tsantsa. Ki dawo gida ma. Malam Abdullahin Gwandu ya yi wa waƙar yayansa Shehu Usmanu ta begen Annabi tahamisi, wato ya ɗauki kowane baiti mai ɗango biyu ya ɗora masa uku nasa ya zama biyar, kuma kowa ya san wanne ne na wa. Ishiriniyar da ake rerawa a maulidi haka take, asalin na Alfazazi ne, wani malami ya zo ya yi mata tahamisi. Musa Ɗankwairo a gidan kiɗi ya tashi, ya bi ubansa, ya yi amshi a bayan yayansa Kurna a Maradun kafin ya zama Ɗankwairon da kuka sani. Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri shi ma a hannun mahaifinsa ya gaji kiɗin. Ba wanda ya faɗo daga sama da kotso a rataye.

In na ɗauki labarin wata na sauya sunaye da gari, ya zama nawa?

Bai zama ba, sata ce, kuma kin sani tun kafin ki tambaya. An taɓa yi min. Wata ta kwashe labarina feji sama da talatin tana sayarwa a gurup na WhatsApp, ta mai da Kaura Namoda Kaduna, ta sauya sunan yarinyar, amma ta manta a wuri biyu sunan farko na nan, har kuskuren da na yi na rubuta wata kalma ba daidai ba ta kwafe shi yadda yake. Kwana uku ban iya cin abinci kirki ba, don wata huɗu na yi ina rubuta abin nan a waya, ina kai caji shago in an ɗauke wuta. Kada ku yi wa kowa haka, akwai hisabi.

To Anti ga tawa matsalar. Na kai rabin labari, sai na tuna wani littafi da na karanta ina sakandare, kuma na ga ƙashin bayan labarin kusan ɗaya ne, wallahi ban yi da gangan ba. In yar da shi ko in ci gaba, kuma in na sayar akwai laifi?

Yawwa, wagga ita ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma ba ni da amsa guda da za ta yi wa kowa, ya danganta. Na farko ki kwantar da hankalinki, yana faruwa, ƙwaƙwalwa tana ajiye abu ta manta inda ta samo shi sai ta miƙo miki kamar naki. Abin da nake cewa a yi shi ne a nemo wancan littafin a sake karantawa, duk da na san wasu marubutan za su ce kada ki kuskura don zai ƙara shiga kanki, ni dai a ganina gara ki san girman ramin da ki yi ta zato. Ki ɗauki takarda ki raba ta biyu, nan abin da ya faru a nasa, nan abin da ya faru a naki, babi bayan babi. In abin da kuka haɗu a kai jigo ne kawai, misali an raba masoya saboda gado, wannan ba na kowa ba ne, ci gaba abinki. In kuwa kin ga jerin abubuwan iri ɗaya ne, an yi haɗari a babi na uku, ta manta kowa, likitan da ya duba ta shi ne yayan saurayin, can ma haka nan ma haka, to gaskiya akwai gyara babba, kuma sauya haɗarin mota ya koma gobara ba gyara ba ne. Sai kin koma kin tambayi kanki mi yarinyar nan taki za ta yi wanda waccan ba za ta yi ba, don in ɗiyar Talata Mafara ce da ta tashi tana kai wa babanta abinci fadama, ba za ta yi tunani irin na 'yar boko a Abuja ba, daga nan hanya ke rabuwa da kanta. In kuma har jimloli kika samu iri ɗaya, ko da biyu ne, goge su yau, kada ki ce ai ba wanda zai lura, masu karatu sun fi ki riƙe abu.

Ta fuskar doka kuwa, ni ba lauya ba ce, amma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda anka sabunta aka sa wa hannu a 2023, yadda marubuci ya zuba abinsa take karewa, ba ta hana wani ya yi rubutu a kan jigo ɗaya ba, kuma haƙƙin littafi na nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, ko an yi rajista ko ba a yi ba. Fassara ma tana ciki, wanda ya mai da littafin wani ko fim ɗin wani Hausa ya sayar ba da izini ba ya taɓa haƙƙi. Sai dai inda layin yake tsakanin jigo da zubi ba kullum yake fitowa fili ba, mutum biyu masu hankali na iya duba abu ɗaya su saɓa, shi ya sa in kuɗi masu kauri za su shiga, kamar za a mai da shi fim, ki nemi wanda ya san doka ko ki tuntuɓi hukumar haƙƙin mallaka. In kuma marubucin na raye kuma ana iya samunsa, ni da zan ba ki shawara ki yi masa sallama ki faɗa masa, wani zai sa miki albarka, wani zai ƙi, in ya ƙi kin dai san inda kika tsaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki yar da aikin wata shida don tsoro ba ki ko duba ba.

In na rubuta cewa ga inda na samo, ba za a raina ni ba?

Ba za a raina ki ba. Ranar da wani ya tono da kansa ita ce ranar raini. Layi ɗaya ne a farkon littafi, bai cin data.

Malama, ni waƙa nake yi, in na hau karin wani tsohon makaɗi fa?

Ɗana, in ka hau ka ambace shi a ciki ka yi masa addu'a, haka makaɗa ke yi wa iyayen gidansu. Amma ka zo da baitocinka, kada ka kwashe amshinsa da kirarinsa duka ka kai sitidiyo a ɗora fiyano ka ce sabuwa ce, kayan aro ba ya rufe katara. In sayarwa za ka yi kuma ka nemi iyalansa, suna nan Maradun da Isa da Yawuri, ba ɓoyayyu ba ne.

Na yi wata takwas ban rubuta komai ba, duk abin da na fara sai in ji kamar na wani ne.

Ke ce kika fi ba ni tausayi a cikinsu duka, ƙanwata, don masu satar ba su taɓa rasa barci ba, ku masu tsoron Allah ku ne kuke ajiye biro. Bari in faɗa miki abin da ya same ni. Na taɓa yin wani baiti da nake ji da shi ƙwarai, na je gida ƙauye da salla ina rera shi a tsakar gida, sai gwaggona da ke tankaɗe ta ɗago kai ta ƙarasa min shi, ashe waƙar daka ce da kakata ke yi ina goye. Na yi shiru, hawaye sunka zo min, ita kuwa murna ta kama yi wai ashe ban manta tsohuwa ba. Na bar baitin a waƙar, na rubuta a ƙasa cewa daga bakin kakata yake, Allah Ya jiƙanta. Ki rubuta feji biyu yau a kan abin da kika gani da idonki a gidanku makon nan, yadda innarki ke ɗaure kuɗi a bakin zane, ko abin da anka faɗa a wurin rabon gado, ki turo min kafin Juma'a in duba.

Nawa ne kuɗin dubawa?

Ba na karɓa. Amma wanda ya turo min kwafi zan gane, kuma ba zan sake buɗe saƙonsa ba.