Waiwaye: Yadda aka koya wa haske bambance dama da hagu

Ƙamshin na'ana'ar da ake jefawa a butar shayi a fadar samarin Yamai yana fitowa ne daga sinadarin carvone. Sinadarin yana da tagwai: ƙwayoyin zarrarsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, amma tsarinsu ya saɓa kamar tafin hannun dama da na hagu. Hanci na rarrabe su nan take, don tagwan ƙamshinsa daban ne. Na'urori kuwa sun daɗe suna shan wuya.

A 1815 Jean-Baptiste Biot ya gano a Faransa cewa wasu ruwayen sinadarai suna karkatar da haske, wani dama, wani hagu. A 1848 Louis Pasteur, yana ɗan shekara 25, ya zauna da hantsaki yana tsince ƙanƙarar gishirin tartaric ɗaya bayan ɗaya, na dama gefe, na hagu gefe. Da ya narkar da kowane kashi, sai ya ga sun juya haske ɓangarori biyu masu gaba da juna. Haƙurin nan nasa har yau yana burge ni.

Maganin thalidomide, wanda shi ma yake da irin waɗannan tagwayen, ya nuna abin ba na wasa ba ne. Daga 1957 zuwa 1961 an sha ba mata masu ciki, aka haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa. Bincike ya fi ɗora laifin kan tagwai guda, sai dai jiki da kansa yana mayar da wannan ya koma wancan.

Matsalar awo ita ce zangon hasken da ido ke gani ya ninka ƙaramar ƙwayar sinadari sau ɗaruruwa, shi ya sa alamar da ake samu ba ta taka kara ta karya ba. Da Theodore Maiman ya kunna leza ta farko, wato na'urar da ke fitar da siririn haske mai ƙarfi, a 1960, hanya ta buɗe. A 1992 Les Allen da abokan aikinsa a Leiden ta Holand suka nuna cewa hasken da aka murɗa yana ɗauke da ƙarfin juyi nasa na daban.

A ganina ci gaban da ya fi armashi shi ne na 2019, inda Olga Smirnova da abokanta a cibiyar Max Born ta birnin Balin a Jamus suka nuna a lissafi cewa in aka gitta hasken leza masu launi dabam-dabam, shi kansa hasken zai zama na dama ko na hagu a daidai inda ƙwayar take, har tagwai guda ya amsa da ƙarfi, ɗayan ya yi shiru.