Malbec

Malbec nau'in inabi ne baƙi wuluk mai ɗan shuɗi-shuɗi wanda ake nomawa don yin jar giyar inabi. Ba irin inabin da ake saye a kasuwa a ci ba ne, 'ya'yansa ƙanana ne ga ƙwallo a ciki. Asalinsa kudu maso yammacin Faransa ne, yankin garin Cahors a bakin kogin Lot, kuma can mutanen wurin ma ba Malbec suka fi ce masa ba, Côt ko Auxerrois suke kiransa. Tun can zamanin da, giyar Cahors ta yi suna da "baƙar giya" saboda tsananin duhunta, har yau dokar yankin ta ce sai in Malbec ya kai kashi 70 cikin ɗari kafin a sa wa kwalba sunan Cahors.

Toh amma a gida inabin nan bai ji daɗi ba gaskiya. Kurangarsa ba ta jure sanyi da laima, furenta kan zube in yanayi ya ɓaci, sannan ƙwaron nan filoksera da ke cin saiwa ya yi wa gonakin Faransa kaca-kaca a ƙarshen ƙarni na 19, ba a gama farfaɗowa ba kuma sai ga mugun sanyin 1956 ya kashe mafi yawan Malbec ɗin da ke yankin Bordeaux, manoma da yawa suka haƙura suka koma shuka wani nau'in inabin, Merlot.

Abin da ya cece shi Ajantina ce. A 1853 wani masanin noma Bafaranshe, Michel Aimé Pouget, ya kai irin zuwa yankin Mendoza na Ajantina bisa shawarar Domingo Faustino Sarmiento wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar. Mendoza wuri ne busasshe a gindin tsaunukan Andes, ruwan sama kaɗan ne ƙwarai, da ruwan ƙanƙarar da ke narkewa daga tsauni ake ban ruwa ta magudanai. Gonakin Luján de Cuyo da kwarin Uco na kan tudu mai tsayin mita 900 zuwa 1,500, rana ta yi zafi dare ya yi sanyi, shi ya sa inabin ke nuna sosai ba tare da tsaminsa ya gudu ba. Yanzu mafi yawan Malbec na duniya a Ajantina yake, har ranar 17 ga Afrilu suka ware masa duk shekara.

Maganar abincin da ke tafiya da giyar Malbec kuwa, sirrin na cikin bauri. Ɓawon inabin na da sinadarin tanin, wanda ke sa baki ya ɗaure kaman in mutum ya sha baƙin shayi mai kauri ba madara. Kitse da nama suna kashe wannan baurin, baurin kuma yana wanke maiƙo a harshe, dan haka 'yan Ajantina ke haɗa shi da asado, gashin naman sa da suke yi a hankali kan garwashi, haƙarƙari ya kwashe awanni yana ɗigar da kitse, gishiri kawai aka barbaɗa, sai a kawo chimichurri a gefe, wato yankakken ɗanyen ganye da tafarnuwa da mai da ɗan ruwan tsami. Haka ma empanada, fanken nan da ake cusa wa niƙaƙƙen nama.

Na Cahors ya fi na Mendoza bauri da ƙarfi, na Mendoza ya fi laushi da ƙamshin 'ya'yan itace. Saboda haka Faransawa suna ajiye nasu kusa da abinci mai nauyi, agwagwar da aka dafa cikin kitsenta, ko cassoulet, farin wake da nama da aka daɗe ana dafawa. Naman rago da cuku mai ƙarfin wari suma suna tafiya da shi.

Inda ba ya shiga shi ne farin kifi da salak, yana danne ɗanɗanonsu gaba ɗaya, kuma abinci mai barkono da yawa yana ƙara wa baurin kaifi, zafin giyar ma ya ƙaru a maƙogwaro.