Fasto a sabon fili: me yake yi ne a can kauyen?

Da yawanmu muna saka baiko ranar Lahadi idan aka ce na aikin bishara ne, amma in ka tambayi mutum me mai bisharan nan yake yi daga Litinin zuwa Asabar sai yayi shiru. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Kafa ikkilisiya, ba gina coci ba ne?

Gini shi ne kusan na karshe. Mutum zai iso kauye da matarsa da yara, abu na farko ya je ya gaida mai unguwa ko dagaci ya fadi abin da ya kawo shi ba boye-boye, a bashi wurin zama, in an yi sa'a a ara masa gona. Daga nan sai noma, zuwa suna, zuwa gaisuwar mutuwa, cin kasuwa tare da mutane har su san halinsa. Sujada ta farko sau da yawa a gindin itace ake yi ko a zauren wani, mutum biyar ko shida, rabi ma yara ne. Wani sai yayi shekaru kafin ya ga baftisma ta farko, kuma ba lalaci ba ne, haka aikin yake.

Wa ke aika su?

A ikkilisiyar ECWA, hukumarta ta aika masu bishara ce, wato EMS, wadda aka fara tun 1948, kafin ma ita ECWA ta tsaya da kafarta a 1954. Asalin abin daga kungiyar mishan ta SIM ne, su Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham da suka sauka Legas a 1893, biyu na farkon suka rasu cikin shekara guda, Bingham kadai ya rage. Ikkilisiyar COCIN tana da nata tarihin daga Wase a 1904, ikkilisiyar EYN kuma daga Garkida a 1923. Amma yau ba Turawa ke rike aikin ba, ikkilisiyoyi ne da zumuntar mata da daidaikun mutane ke daukar nauyin iyali daya ko biyu. Kudin dai ba yawa gaskiya, shi yasa gonar nan take da muhimmanci.

To almajirantarwa fa, ba ajin baftisma ba kenan?

Nan ne nake ganin muna kuskure sosai. Ajin baftisma wata uku ko shida ne ya kare, amma mutumin da ya fito daga gidan Maguzawa a kasar Kano ko Katsina, wanda kakansa ke yanka wa iskoki kaza kafin shuka, tambayoyinsa basa cikin littafin aji. Yaro ya kwanta da zazzabi cikin dare, uwa tace a kira mai bori, me zai yi? Yana da mata biyu tun kafin ya ji bishara, ya zai yi da ta biyun da yayanta? Yan uwa sun ce ba zai ci gado ba, wa zai tsaya masa? Wadannan ba a kan bagade ake warware su ba, sai fasto ya zauna dashi a kan tabarma, yau da gobe, ya bi shi gona, ya ga yadda yake magana da matarsa, shi ma ya bari a ga nasa gidan.

Sannan karatu. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, aikin da Dokta Miller na Zariya ya sha wahala a kai tare da wasu, amma wanda bai iya karatu ba kullum sai abin da aka fada masa. Shi yasa ajin yaki da jahilci da yamma, wanda sau da yawa matar fasto ce ke rike da shi, a wurina yana daidai da wa'azin Lahadi. Abin da Bulus ya gaya wa Timoti a 2 Timoti 2:2 kenan, ya danka abin da ya koya ga amintattun mutane da zasu iya koya wa wasu.

Rijiya da magani da makaranta, ba sayen mutane ake yi ba?

Ana jin wannan zargin kuma dole mu saurara. In fasto ya haka rijiya yace sai mai zuwa coci zai sha, to ya bata aikin kuma ya bata sunan Yesu. Asibitin Galmi a Nijar da SIM ta bude a 1950, yawancin masu zuwa Musulmi ne, ana duba su ne don basu da lafiya, haka asibitin Jankwano a Jos. Taimako na kowa ne, mai ji da mai ki. Wanda ya shigo don buhun masara ranar da buhun ya kare shi ma ya tafi.

Yaya zama da makwabta Musulmi?

Da mutunci. Ya gaida liman, ya je barka da sallah, kada ya kafa lasifika yana zagin addinin wani. Zai fadi bangaskiyarsa a fili in an tambaye shi ko dama ta samu, amma ba tilas ba gori.

Yaushe za'a ce aiki ya kafu?

Lokacin da fasto zai yi tafiyar wata guda sujada bata tsaya ba. Akwai dattawa yan garin da zasu jagoranci addu'a, su rike kudin baiko da gaskiya, su sasanta miji da mata, akwai saurayi ko biyu da aka tura makarantar Baibul. A Ayyukan Manzanni 14:23 Bulus da Barnaba sun nada dattawa a kowace ikkilisiya kafin su wuce gaba. In an kai nan sai a mika wurin ga gundumar ikkilisiya ta turo fasto na dindindin, shi kuma mai bishara ya daure kayansa zuwa kauye na gaba.