Rufe Hanyoyin Tsaunuka a Lokacin Sanyi da Damina

Rufe hanyoyin tsaunuka shi ne dakatar da zirga-zirga a kan hanyoyin da ke ratsa manyan duwatsu na wani lokaci a shekara, saboda dusar ƙanƙara, ko zaftarewar ƙasa, ko ambaliya. Abin ya fi shafar mashigi, wato wurin da tsauni ya ɗan sassauta tsakanin ƙololuwa biyu har aka samu damar bi da hanya ta nan. Wani mashigin kwana biyu ko uku ake rufe shi idan guguwa ta taso, wani kuwa yakan shafe wata shida ko bakwai ko mota ɗaya ba ta bi ta kansa ba.

Abin da ke kawo rufewar

Duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas. Shi ya sa ruwan da ake yi a kwari yakan zuba a matsayin dusar ƙanƙara a kan mashigi, alhali tafiyar da ke tsakaninsu ba ta kai awa guda ba. Iska kuma takan kwaso dusar daga gangare ta jibge ta a kan titi, ta shafe alamun gefen hanya, har direba ya kasa tantance inda kwalta ta ƙare da inda rami ya fara.

Sai dai dusar da ke kwance a kan titi ba ita ce babbar barazana ba, domin ana iya ture ta da katafila. Wadda ake tsoro ita ce wadda ta taru can sama a jikin dutse. Dusar kan kwanta ne shimfiɗa kan shimfiɗa, kuma idan sabuwa ta hau kan tsohuwar da ba ta kama jikinta ba, ɗan ɗumi ko ɗan ƙarin nauyi ya isa ya sa gangaren ya ɓalle gaba ɗaya. Gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45 shi ya fi yin haka. A watan Fabrairun 2010, zaftarewar dusa a jere ta rufe hanyar Salang a Afganistan, ta binne motoci, mutane fiye da 160 suka rasu. Wannan ne ya sa ranar buɗe hanya ba kalanda ke yanke ta ba. Sau da yawa titi ya bushe, rana ta fito, matafiya na gunaguni a bakin shinge, amma masu lura da gangare su ce ba a wucewa.

A wasu wuraren ba sanyi ne matsalar ba, damina ce. A gefen kudu na tsaunukan Himalaya, ruwan sama mai yawa da ake yi daga Yuni zuwa Satumba yakan jiƙa ƙasa har ta zame ta rufe hanya, ko ya cinye gindin titi ya tafi da gada. Ambaliyar da aka yi a yankin Kedarnath na Indiya a watan Yunin 2013 ta zo ne daidai lokacin ziyarar ibada, ta yanke hanyoyi, mutane fiye da 5,000 suka mutu ko suka ɓace. Matafiyi a irin wannan yanki lokaci biyu kawai yake da shi mai kyau: bayan narkewar dusa kafin ruwa ya sauka, da kuma bayan ɗaukewar ruwa kafin sanyi ya kankama.

Yadda lokutan suke a wurare daban-daban

A tsaunukan Alps na Turai, manyan mashigai sukan rufe daga ƙarshen Oktoba ko Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu ko Yuni. Haka Stelvio na Italiya yake, mai tsayin mita 2,757 da lanƙwasa 48 a gefensa na arewa, haka ma mashigin Great St Bernard, mai mita 2,469, tsakanin Suwizalan da Italiya. A wannan na biyun, tun ƙarni na 11 aka kafa masauki domin ceton matafiyan da dusa ta rutsa da su.

A Amurka, hanyar Going-to-the-Sun da ke gandun Glacier ba ta cika buɗewa gaba ɗaya ba sai ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, bayan an shafe makonni ana haƙa. Mashigin Tioga na gandun Yosemite, mai mita 3,031, yakan buɗe a ƙarshen Mayu ko Yuni, amma a 2023, da dusa ta yi yawa, sai cikin Yuli aka buɗe shi. A Japan kuwa, an mai da abin hanyar samun kuɗi: idan aka buɗe hanyar Tateyama Kurobe a tsakiyar Afrilu, masu yawon buɗe ido kan zo ganin bangon dusar da aka yanka a gefen titi, wanda a wasu shekaru yakan kusa mita 20.

A kudancin duniya lissafin juyawa yake yi. Mashigin Los Libertadores, wanda shi ne babbar hanyar kaya tsakanin Ajantina da Chile, daga Yuni zuwa Satumba yake fama da guguwar dusa, kuma idan ya rufe tireloli kan yi dogon layi na kwanaki a ɓangarorin biyu. Afirka ma ba ta tsira ba. Dusa takan tsai da motoci a mashigin Sani da ke shiga Lesoto, mai mita 2,876, da Tizi n'Tichka na tsaunukan Atlas a Maroko.

Rayuwar mazauna bayan mashigi

Ga mai yawon shaƙatawa, rufe hanya canjin shiri ne kawai. Ga mazauna wurin, shi ke tsara shekara. Yankin Ladakh na Indiya misali ne mai kyau. Hanyoyi biyu ne manya ke kaiwa garin Leh, ɗaya daga Srinagar ta mashigin Zoji La, ɗaya daga Manali, kuma duka biyun sanyi na rufe su. Saboda haka tun da sauran ɗumi ake tara hatsi, da mai, da magani, da kayan gini. Idan hanya ta rufe sai jirgin sama, shi ma in gari ya yi kyau. Mutanen kwarin Zanskar sun daɗe suna fita da ƙafa a kan koginsu idan ya daskare. Marar lafiya da mace mai naƙuda su suka fi jin jiki a wannan lokaci.

Kasuwancin ƙasashe ma yana ji. Mashigin Khunjerab, mai kusan mita 4,700 tsakanin Pakistan da Sin, an yi shekaru ana rufe shi daga Disamba zuwa ƙarshen Maris. A kan hanyar Karakoram da ke bi ta wannan mashigi ne dutse ya zaftare a Attabad a watan Janairun 2010, ya datse kogin Hunza, tafki ya taru ya shanye titin. Da kwale-kwale aka riƙa tsallakar da mutane da kaya har zuwa 2015, lokacin da aka gama sabuwar hanya.

Dabarun da ake bi

Babbar dabara ita ce huda dutse a bi ta ƙarƙashi. Ramin Salang da Tarayyar Sobiyet ta gina an buɗe shi a 1964, na Gotthard a Suwizalan, mai tsawon kilomita 16.9, a 1980, na Atal a Indiya, mai kilomita 9, a 2020. Rami yana kauce wa ƙololuwa, amma hanyar da ke kaiwa bakinsa tana nan a fili. Bala'in Salang na 2010 a wajen ramin ya auku. Don haka ake gina rumfunan kankare a kan titi domin dusa ta bi ta sama ta wuce. A mashigin Rogers na Kanada, sojoji ne ke harba igwa a jikin gangare, a zubo da dusar da gangan bayan an tsai da motoci, kafin ta taru ta zubo da kanta. A Suwizalan akwai wuraren da ake loda motoci a jirgin ƙasa a ratsa da su, kamar Furka da Lötschberg. A ƙasar Norway kuma ayari ake yi, motar share dusa na gaba, saura na biye.

Ko hanya na buɗe, tsauni na da nasa sharuɗɗa. Hukumomi kan wajabta tayar sanyi ko ɗaura sarƙa a taya. Inji yana rasa ƙarfi saboda ƙarancin iska, man dizal yana yin kauri idan sanyi ya tsananta, birki kuma yana ɗaukar zafi a doguwar gangara idan direba bai sauko da ƙaramar giya ba. Mutum ma yakan fara jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya daga kusan mita 2,500, musamman wanda ya hau da sauri a mota bai kwana a tsakiya ba. Idan alamun suka tsananta, maganinsu na farko shi ne a sauko da shi ƙasa.