Lambar 0.05 Ba Hatimin Gaskiya Ba Ce

Ɗalibai da dama a Sakkwato, da zarar p, wato lambar da gwajin ƙididdiga ke bayarwa a bincike, ta sauko ƙasa da 0.05 sai hamdala, wai bincike ya tabbata. Wannan fahimtar na damuna. Tambayar da p ke amsawa ita ce: in babu bambanci a zahiri, sau nawa za a ga irin wannan sakamakon ko fiye?

Gwada taki iri 20 marasa amfani a gonar albasa a fadamar Kwalkwalawa. Da ma'aunin 0.05, wato ɗaya cikin 20, ana sa ran ɗaya zai yi kamar ya yi aiki, bisa dace kawai. Masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya yaɗa ma'aunin a 1925 don sauƙaƙa lissafi. Kuma p ba ta faɗin buhu nawa aka ƙaru, alhali abin da manomi zai fara tambayarka ke nan.